Kukan Zuci ko Soyayyar Mallaka: Nazarin Dacewar Waƙoƙin Ciwon So ga Matasa a Unguwar Bukoki, Yamai

1.0 Gabatarwa

Idan aka sallame sallar isha'i a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, bencina da tabarmi sukan fito ƙofar gidaje. Samari su kewaye ɗan murhun waya, a ɗora butar shayi bisa gawayi, wani ya ciro salularsa ya jona ta da 'yar lasifika. Wannan zaman shi ake kira fada. Waƙar da ke tashi daga lasifikar sau da yawa ta soyayya ce, kuma ba kasafai take zama ta masoyan da suka sami biyan buƙata ba. Ta wanda aka yaudara ce, ko ta wadda aka raba da nata aka ba mai kuɗi, ko ta mai rantsuwar cewa in bai sami wance ba sai dai a kai shi kushewa. Bango ɗaya ne tsakanin fadar da tsakar gida, inda ƙannen samarin, 'yan shekara 12 ko 13, ke wanke-wanke suna bin amshi.

Manufar wannan maƙala ita ce duba ko irin waɗannan waƙoƙi, na gargajiya da waɗanda suka tsiro daga jikinsu, sun dace da kunnen matasa. Matsayar da za a kare ita ce, yawan baƙin cikin da ke cikin waƙa bai isa ya zama ma'auni ba. Abin aunawa shi ne halin da waƙar ta laƙaba wa sunan so, sai kuma mahallin da yaro ke saurarenta a ciki.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Muhawarar ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan ladubban sauraro, ya kuma rataya hukuncin a kan halin mai rerawa da na mai ji. Daga cikin abubuwan da ya ce suna hana halascin sauraro akwai kasancewar mai sauraren matashi ne da sha'awa ta rinjaye shi, domin duk siffar da aka ambata a waƙa zai ɗauka ya ɗora wa wata takamaimiyar mace. Wasu malaman sun fi shi tsanantawa, suka haramta kiɗa gaba ɗaya, kuma ana jin wannan ra'ayin a wa'azozin Yamai da Maraɗi da Kano. Abin lura a matsayar Gazali shi ne ya sa shekarun mai sauraro a cikin lissafi.

A fagen nazarin Hausa, Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa ta fuskar jigo da salo a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 kan finafinan Indiya da masoyan Nijeriya, ya nuna cewa matasan Hausa sun rungumi labaran soyayyar Indiya ne saboda sun ga rikicinsu a ciki, wato zaɓin zuciya da zaɓin iyaye. Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda waƙar fim ta tsayu da ƙafarta, har aka san ta da sunan nanaye. A ɓangaren Nijar kuwa, Adeline Masquelier ta rubuta a 2009 yadda matasa suka riƙa kallon wasan talabijin na Meziko mai suna Rubí a matsayin darasin soyayya, sannan a 2019 ta fitar da littafi sukutum kan fada da zaman jira na samari marasa aikin yi.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun tofa albarkacin bakinsu. Suvi Saarikallio da Jaakko Erkkilä sun bayyana a 2007, daga bincikensu a Finlan, cewa matasa kan yi amfani da kiɗa wajen daidaita yanayin zuciya: su huce haushi, su sami lallashi, su yi tunani. Liila Taruffi da Stefan Koelsch sun tambayi mutum 772 a 2014, suka tarar cewa abin da waƙar baƙin ciki ta fi tayarwa shi ne begen abin da ya wuce, kuma da yawa suna samun sauƙi bayan sauraro. Sandra Garrido da Emery Schubert na Ostireliya sun kawo togaciya mai muhimmanci: masu ɗabi'ar nanata damuwa a zuci sukan ƙara nutsewa idan sun lazimci irin wannan waƙa. Sai binciken Steven Martino da abokan aikinsa a Amurka a 2006, wanda ya bi matasa 1,461, ya gano cewa waƙoƙin da ke ƙasƙantar da mace ne ke da alaƙa da saurin faɗawa cikin jima'i, waɗanda ke zancen so ba tare da ƙasƙanci ba kuwa ba a ga wannan alaƙar a kansu ba.

Giɓin da ke tsakani a bayyane yake. Manazartan Hausa sun fi tsayawa kan mawaƙi da waƙarsa, masana halayya kuma sun yi aikinsu a ƙasashen da ba a san gaɗa ko auren dole ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi tafarkin nazarin jigo, aka ɗora shi kan rukuni uku: waƙoƙin 'yan mata na dandali, waƙoƙin makaɗan jama'a, da waƙoƙin fiyano waɗanda a Nijar ake kira dandalin soyayya. Kowane rukuni an yi masa tambaya uku. Wa ke magana a cikin waƙar? Wane hali aka kira so? Wace mafita aka bar wa wanda aka cuta?

An zaɓi Bukoki saboda matsayinta. Sunanta daga kalmar bukkoki ya fito, shaidar cewa baƙi masu neman abinci ne suka fara kafa ta. Yau tana cikin unguwannin Yamai mafi cunkoso, tana maƙwabtaka da kasuwar Katako, Hausa da Zabarmanci na gogayya a titunanta, kuma waƙar da ta fito a Kano ko Kaduna ba ta daɗewa ba ta iso wayoyin samarinta ba. Da kalmar matasa ana nufin 'yan shekara 12 zuwa 18.

Kalmomin fannu uku za su riƙa maimaituwa. Kukan zuci shi ne waƙar da ke bayyana raɗaɗin rabuwa ko cin amana. Soyayyar mallaka ita ce wadda ke gabatar da naci, ko kishi mai tsanani, ko barazana, a matsayin hujjar ƙauna. Tuƙar baƙin ciki kuwa ita ce maimaita damuwa ɗaya a zuci ba tare da an haɗiye ta ba, kamar yadda saniya ke dawo da abin da ta ci.

4.0 Nazari

4.1 'Yan mata ne suka fara rera ciwon so

Duk mai cewa waƙar ciwon so baƙuwa ce ga yaran Hausa bai tsaya a dandali ba. A daren farin wata 'yan mata kan yi rabin da'ira, ɗaya ta fito tsakiya ta ba da waƙa, ta juya baya ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla sama, tafi na tafiya da amshi. Jigogin gaɗa ba na wasan yara ba ne. Akwai ƙin auren tsoho, akwai roƙon uwa da uba kada su ba da 'yarsu ga wanda ba ta so, akwai zambo ga saurayin da ya tafi cin rani ya yi shiru, akwai tsoron uwar miji da kishiya tun kafin a shiga ɗaki. Matan aure kuma suna da nasu a bakin turmi da dutsen niƙa, inda mace ke faɗa wa taɓarya abin da kunya ta hana ta faɗa wa miji.

Waɗannan waƙoƙi ba daga iska suka zo ba. Alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012, waɗanda UNICEF ta yi ta kafa hujja da su, sun nuna kashi 76 cikin ɗari na mata 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Adadin ya fi sauƙi a Yamai, amma gidajen Bukoki ba su yanke da ƙauyukan da suka fito ba, kuma yarinyar da ke makaranta a birni tana da 'yar ɗakinta a ƙauye da aka riga aka kai. Ga yarinya irin wannan, waƙar da ke kukan an raba ta da wanda take so labarin gidansu ce. Wanda ya hana ta ji don wai ta yi ƙanƙanta, alhali ba a ga ƙanƙantarta wajen ɗaura mata aure ba, ya ɗauke mata harshen da za ta faɗi abin da ke damunta ne kawai.

Makaɗan jama'a sun ɗauki wannan jigo suka kai shi gaban manya. Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ya yi Auren Dole da Jawabin Aure, ya tuhumi iyaye da ma'aurata kai tsaye. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta zuba zafin kishiya a kan ƙwaryar amada, amma ba ta bar mace a zaune tana kuka ba, ta tura ta neman sana'a. Haruna Uji na Haɗeja kuwa ya sa gurmi ya yi begen mace a fili, a zamanin da yawancin makaɗa suka fi karkata ga sarakuna da attajirai.

4.2 Daga gurmi zuwa fiyano

Sauyin ya zo da finafinan bidiyo na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990. Cikin shekara goma fiyanon Yamaha ya maye gurbin kalangu da gurmi a ɗakunan ɗaukar sauti, tsarin namiji da mace suna musayar baiti ya kafu, waƙar fim ɗin Sangaya ta game ƙasar Hausa. Nijar ba 'yar kallo ba ce a wannan harka: Fati Nijar daga Maraɗi ta je Kano ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyinta. Daga baya mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suka riƙa fitar da waƙoƙin soyayya masu cin gashin kansu, ba sai an jira fim ba.

Abu biyu suka canza. A gaɗa yarinya ce ke tsara kukanta da bakinta. A fiyano galibi namiji ne ke rubuta baitin da mace za ta rera, don haka abin da ake ji shi ne yadda namiji yake son mace ta so shi. Na biyu, waƙa ta zama haja, kuma hajar da ta fi tsuma zuciya ita ta fi tafiya.

4.3 Kuka daban, mallaka daban

A nan ne tambayoyin nazarin suka fi amfani. Waƙar kukan zuci tana cewa an cuce ni, na ji zafi. Mai sauraro yakan tausaya, idan kuma shi ma yana cikin halin, ya san ba a kansa farau ba. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ciwo, shi ya sa suka ce son maso wani ƙoshin wahala. Karin maganar ba ta zargi mai son ba, ba ta kuma ce ya ci gaba da bi ba.

Soyayyar mallaka takan shigo da tufafi masu kyau, da murya mai taushi da kiɗa mai sanyi, shi ya sa iyaye ba su cika lura da ita ba. Alamarta ta farko ita ce mayar da ƙin amincewar budurwa jan aji: ta ce a'a, waƙar ta ce ya ƙara naci, ya tare ta a hanya, ya hana ta sakat har ta gaji. Ta biyu ita ce kishin da ke hana ta gaisawa da kowa, a kira shi zurfin ƙauna. Akwai kuma waƙar saurayin da aka guje shi, wadda ke tashi daga mace ɗaya ta yi wa mata kuɗin goro, duk mayaudara ne, duk kwaɗayayyu ne. Wannan ta fi karɓuwa a fada, domin saurayin da ba shi da kuɗin lefe, yana kallo mai mota ya ɗauke wadda ya yi shekaru yana zance da ita, ya fi samun sauƙin zargin mata a kan zargin talaucin da ya hana shi aure. Raɗaɗinsa gaskiya ne. Fassarar da waƙar ta ba shi ce karkatacciya, kuma ƙaninsa ɗan shekara 14 da ke miƙa kofin shayi yana koyon ta tun bai taɓa zuwa zance ba.

Mafi nauyi ita ce barazanar mutuwa. Idan waƙa ta ce rashin wance ajali ne, ta ɗora wa yarinya alhakin ran wani, ta kuma nuna wa yaro cewa halaka kai shi ne ƙololuwar so. An taɓa yin wannan muhawara a kan littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, na farkon shekarun 1990, inda Sumayya ta faɗa rijiya da aka nemi raba ta da Muhammad, masu suka kuma suka ce 'yan mata za su kwaikwaya. Turai ta yi irin wannan fargaba tun 1774 a kan littafin Goethe mai labarin Werther, wanda daga sunansa David Phillips ya raɗa wa kwaikwayon kashe kai suna a 1974. Sai dai bincike ya nuna cewa ambaton mutuwa ba shi ne matsalar ba. A 2017 mawaƙin Amurka Logic ya yi waƙa kan matashin da ya yanke ƙauna sannan ya nemi taimako ya tsira, ya sa mata lambar wayar agaji a matsayin suna. Nazarin da Thomas Niederkrotenthaler da abokansa suka buga a mujallar BMJ a 2021 ya danganta lokutan da waƙar ta fi tashe da ƙarin kira kusan 10,000 ga layin agajin, da raguwar masu kashe kansu da mutum 245. Mafitar da aka nuna ita ce ta raba waƙar Logic da labarin Werther.

Kada kuma a wanke gargajiya tas. Cikin waƙoƙin kai amarya da nasihohin da ke tare da su akwai haƙurin da ba a sa masa iyaka ba, wanda ke gaya wa yarinya ta zauna ko ana dukanta, domin yaji abin kunya ne ga gidansu. Wannan ma soyayyar mallaka ce, tsufanta bai sa ta zama lafiyayya ba.

4.4 Mahallin sauraro

Gaɗa tana da abin da wayar hannu ba ta da shi. Yarinyar da ta rera kukanta tana faɗawa ne a hannun ƙawayenta, su ɗaga ta, wata ta karɓi fage, a yi dariya, dare ya yi a watse. Baƙin cikin yana da 'yan amshi, yana kuma da lokacin tashi.

Fada ta gaji wani abu daga wannan. Saurayin da aka yaudara idan ya maimaita waƙa ɗaya sau uku, abokai za su yi masa tsiya, wani ya karɓe wayar ya sa wata, mai shayi ya miƙo masa kofi. Ko da fadar na iya ƙarfafa zargin mata, tana hana mutum kaɗaicewa da ciwonsa.

'Yan matan Bukoki ne suka yi asara biyu. Dandali ya mutu a birni, filayen sun zama gidaje da shaguna, iyaye na tsoron fitar dare, malamai sun yi wa'azi a kai. Fada kuwa galibi ta maza ce, foyandi kuma taron matan da suka girma ne. Abin da ya rage wa budurwa 'yar 15 shi ne memori da ta kai wa mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya cika mata, da abin sawa a kunne, da ɗaki bayan kowa ya yi barci. Waƙa ɗaya za ta iya zagayawa har asuba, ba mai amshi, ba mai cewa ya isa. Wannan shi ne ainihin yanayin da Garrido da Schubert suka yi kashedi a kai, inda lallashi ke rikiɗewa ya zama tuƙar baƙin ciki. Waƙar da ba ta da illa a taron biki tana iya zama mai illa a nan, ba tare da an sauya mata ko harafi ɗaya ba.

4.5 Hani, da inda hannu zai iya kaiwa

Kano ta gwada hanyar hani. An kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2007 an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, abin da ya ƙara sa matasa neman su suna tura wa juna ta bulutut. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika kafafen sada zumunta da bidiyon matan aure suna rawa gaban mazajensu, aka yi ta ce-ce-ku-ce, waƙar kuma ta ƙara tashe. A zamanin WhatsApp da TikTok, umarnin da aka bayar a Kano ba ya ko isa iyakar Jibiya, balle Katako. Wani abin dubawa shi ne, masu hani sun fi sa ido kan rawa da sutura da kalmar batsa, soyayyar mallaka kuwa tana wucewa salin-alin saboda ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Waɗanda hannunsu ke kaiwa su ne na kusa. Mai gabatar da zaɓen waƙoƙi a gidajen rediyo irin su Anfani da Tenere da Muryar Sahel yana da damar tsayawa bayan waƙa ya tambayi masu bugo waya ko abin da saurayin cikin waƙar ya yi so ne ko takura. Malamin makaranta zai iya ɗaukar waƙar da ɗalibai suka riga suka haddace ya sa su yi mata tambayoyi ukun nan, ya ajiye ta kusa da Auren Dole su kwatanta. Uwa ko yaya da ta lura yarinya ta lazimci waƙa ɗaya kwana da kwanaki, ta daina ci, ta daina hira, ta sami alamar da ta fi ƙwace wayar amfani, domin waƙar na nuna mata inda ke ciwo.

Akwai kuma batun mayar wa 'yan mata filinsu. Yamai na da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, da cibiyar CELHTO mai adana al'adun baka, da taskar sautin gidan rediyon ƙasa. A cikin gidajen Bukoki akwai tsofaffin da suka yi gaɗa a Dogon Dutsi da Tawa da Filinge kafin aure ya kawo su birni, kuma ba su manta ba. Farfajiyar makarantun unguwar a buɗe take bayan an tashi, tana da katanga da ƙofa, abin da zai kwantar wa iyaye hankali. Da yammacin Asabar ɗaya a mako, da malama ɗaya da tsohuwa ɗaya, 'yan mata za su iya komawa tsara nasu baitocin kan samarin yanzu da wayoyinsu da alkawuransu, su rera a gaban juna.